Zildjian, Sabian da simbal na Istanbul: gida ɗaya ne ko uku?

Mai Ganga: Assalamu alaikum masana. Ina neman bayani kan gidan da ke ƙera simbal, faifan tagullar nan da ake kafawa gefen gangunan zamani. An ce Zildjian sun haura shekara 400 suna wannan sana'a, kuma wai Sabian 'yan'uwansu ne. Gaskiya ne? Sannan harafin K da A da ake bugawa a jikin faifan, me suke nufi?

Ɗan Maƙera: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, tushensu ɗaya. Kakan gidan shi ne Avedis, Ba'armeniye mai aikin ƙarfe a Istanbul zamanin Daular Usmaniyya. A 1618 ya gano hanyar haɗa jan ƙarfe da kuza yadda faifan zai yi amo bai fashe ba, ya riƙa yi wa makaɗan sojan Sarkin Musulmi, waɗanda ake kira mehter. Sunan ma daga sana'ar ya fito: "zil" simbal ne da Turkanci, "ji" mai yi, "ian" kuma ɗan wane da Armeniyanci. A 1623 aka ba shi izinin barin fada ya buɗe maƙerarsa a unguwar Samatya, daga wannan shekarar kamfanin ke ƙirga shekarunsa.

Harafin K na Kerope ne, wanda ya karɓi ragama bayan rasuwar ɗan'uwansa Avedis na biyu a 1865. A kuwa na Avedis na uku ne, wanda ya yi hijira zuwa Amurka yana sana'ar alawa a Boston, har baffansa Aram ya rubuto masa cewa gadon ya faɗo kansa. Aram ya bi shi can, suka kafa masana'anta a Quincy, jihar Massachusetts, a 1929. Na Istanbul ba su daina ba, suka ci gaba da buga K. Aka yi shekara da shekaru gida ɗaya yana da maƙera biyu da ke gasa da juna.

Baba Tanderu: Bari in ƙara kan batun "sirrin gida", wato haɗin ƙarfen da ake cewa Zildjian na ɓoyewa, domin a nan ake yawan ruɗewa. Awon haɗin ba ɓoyayye ba ne: jan ƙarfe kashi 80, kuza kashi 20, da ɗan burbushin azurfa. Shi ake kira B20, kowa ya san shi. Abin da aka riƙa miƙa wa magaji guda a kowane zamani shi ne yadda ake narkawa da haɗawa. Tagulla mai kuza da yawa haka gautsi gare ta, in ka buge ta a sanyi ba tare da shiri ba sai ta tarwatse kamar tangaran.

Ana zuba narkakken ƙarfen a ƴan kaskaye ya daskare ya zama curi mai faɗi. A mayar da shi wuta ya kai wajen digiri 800, a murza shi tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa, a sake gasawa, a sake murzawa, kowane karo ana juya shi ta wani ɓangare. Juyawar nan ce ke sa ƙarfinsa ya bazu ko'ina. In an murza ta fuska guda, ta nan zai tsage. Sai a danna ƙoƙon tsakiya, a sake gasawa, a tsoma shi cikin ruwa yana ja zur. Ƙarfen wuƙa in ka tsoma shi haka taurara yake yi, wannan kuwa laushi yake yi, sai ya karɓi guduma. Bayan bugu a ɗora shi kan injin sassaƙa a fere masa siraran layuka. Tsohon K da hannu ake bugunsa, sawun gudumar ba tsari, shi ya sa amonsa ke da duhu da kauri. Faifan A ya fi sirantaka da haske, domin makaɗan jaz irin su Gene Krupa sun nemi faifai marar nauyi.

Mai Ganga: Na gode ƙwarai. To Sabian fa?

Ɗan Maƙera: Rabon gado ne. Avedis na uku ya rasu a 1979 ya bar 'ya'ya biyu, Armand da Robert, suka kasa daidaitawa. Armand ya riƙe sunan da masana'antar Amurka da ke garin Norwell. Robert ya ɗauki ta Meductic a Kanada, wadda gidan ya buɗe tun 1968, ya kafa Sabian a 1981. Sunan daga farkon sunayen 'ya'yansa ne, Sally, Bill da Andy. A ɓangaren Armand, 'yarsa Craigie ta zama shugaba a 1999, mace ta farko da ta jagoranci gidan.

Masu tambarin Istanbul kuwa ba jinin gidan ba ne. Agop Tomurcuk da Mehmet Tamdeger ma'aikatan tsohuwar maƙerar K ne. Da aka rufe ta a ƙarshen shekarun 1970 suka buɗe tasu da irin bugun hannun da suka koya. In za ka sayi tsohon K, Malam, duba ramin tsakiya kada ya zama ya cinye ya yi tsawo, ka kuma bi baki da farce, domin tsaga daga nan take farawa.