Idan Ra'ayin Jama'a Ya Sauya, Me Jam'iyya Za Ta Yi?

Mun daɗe muna tafka muhawara a kan wannan batu, ga abin da na tsinta. Mafi yawanmu sun ce jam'iyya ta fara bambance hayaniyar mako guda da sauyin da ya kafu. Ƙuri'ar jin ra'ayi ɗaya ba ta isa ba. A duba zaɓukan cike gurbi, a saurari masu bi gida-gida, domin su ne ke ganin fuskar mai zaɓe lokacin da ya ɗaure ta.

An kawo misalin jam'iyyar Labour ta Birtaniya. Ta sha kaye sau huɗu a jere tun daga 1979. A 1995 shugabanta na lokacin, Tony Blair, ya sa aka sake rubuta sashe na huɗu na kundinta, wanda ya ɗaure ta ga mallakar al'umma a kan masana'antu, a 1997 kuma ta lashe zaɓe. Ni dai wannan ya fi kwanta mini, saboda an yi muhawarar a fili.

Angela Merkel kuwa, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, cikin 'yan watanni ta juya wa makamashin nukiliya baya. Wasunmu sun yaba, wasu sun ce tsoron zaɓe ne. Amma kowa ya yarda a faɗi dalilin sauya matsaya, kuma tsofaffin magoya baya su ji daga bakin shugabanni kafin su ji a rediyo.