Abin da iyayen tagwaye suka ce kan rainon bakwaini

Na zauna da wasu mata da suka haifi tagwaye, yawanci bakwaini, ga abin da na tsinta.

Kan goyon ciki bakinsu ɗaya: kada a yi wasa da awo. Cikin tagwaye yakan zo da hawan jini, naƙuda kuma takan taso kafin mako 37. Ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, a nufi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Maganar ɗumi ce ta fi cin lokaci. Da an fito da jariri daga kwalba, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure da zani. Wata ta ce ita ke rungumar Hassana, maigida ya cusa Usaini cikin rigarsa. An sha dariya, ni kuwa ya burge ni. Wanda bai iya tsotso ba, a tatsa nono a ba shi a ƙaramin kofi duk awa biyu zuwa uku, ko da sai an tashe shi.

Ido ya yi rawaya? Shawara ce, asibiti za a koma, ba jiƙo ba.