Shawarwari kan daidaita manhajojin koyon yara da harshe da al'ada

Malamai da masu fassara da suka tattauna kan manhajojin koyon yara irin su GCompris, wadda aka fara a shekarar 2000, sun yarda cewa fassarar rubutu kaɗai ba ta isa ba, domin yaron da bai iya karatu ba tukuna da kunne yake bin umarni. Saboda haka suka ba da shawarar a naɗi muryar wanda ya tashi da harshen.

An fi daɗewa a kan darasin haruffa, kuma a ganina ya cancanci hakan. Wasan da aka gina bisa haruffan Turanci 26 ba zai koyar da ɓ, ɗ da ƙ ba, sannan dole a lura cewa Nijar tana rubuta ƴ a inda Najeriya take rubuta 'y.

Darasin kuɗi ma yana buƙatar kulawa, tunda a kasuwar Maraɗi sefa 100 dala ashirin ce (a can sefa biyar ake kira dala ɗaya), alhali yaron Kano da naira yake lissafi. An kuma nemi a maye gurbin hoton alade da na akuya, kuma manhajar ta riƙa aiki ko babu intanet.