Peugeot 504 ko Carina E: wadda za ta ɗauki iyali zuwa ƙauye

Malamin makaranta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman tsohuwar mota da za ta riƙa ɗaukar iyalina, mu bakwai, daga Maradi zuwa ƙauyenmu da ke bayan Dakoro, inda kwalta ke ƙarewa a faɗa cikin rairayi. An nuna mini Peugeot 504 mai dogon baya da kuma Toyota Carina E, na rasa wadda zan ɗauka.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da ka ambaci rairayi, ai ka riga ka amsa wa kanka. Ita 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna har zuwa 2006, shi ya sa babu garejin da za ka shiga daga nan zuwa Katsina a ce ba a san cikinta ba. Tayoyin baya ke tura ta, cikinta yana da nisa da ƙasa, kuma idan ka ɗora mata kaya sai tayoyin su ƙara kama ƙasa. Mai layin kujeru uku tana ɗaukar mutum bakwai a zaune, ba wanda ya hau cinyar wani. Na yi shekaru ina jan mai injin lita 2 tsakanin nan da Damagaram, ba ta taɓa kwanar da ni a daji ba.

Bakanike: Baba, ban musa maka ba, amma shan mai fa? Kafiretar 504 idan ta tsufa, fetur take sha kamar raƙumi ya samu rijiya. Carina E kuwa, wadda aka ƙera a Ingila daga 1992 zuwa 1997, injinta na lita 1.6 yana da tsimi sosai, kuma kayan gyaranta sun fi sauƙin samu a yau. Aibinta biyu ne: kujerunta biyar, kuma tayoyin gaba ke jan ta, ga ta kusa da ƙasa, don haka a rairayi mai zurfi cikinta ne zai fara zama.

Alhaji ɗan kasuwa: Me ya sa ba wanda ya kawo maganar Marsandi 240D? Injin gazuwal ne na lita 2.4, ba ya gaggawa, ba ya kuma gajiya a hanyar Yamai.

Bakanike: Alhaji, ƙarfin doki 72 ne kawai a jiki mai nauyi, kuma ranar da famfon gazuwal ya lalace, albashin Malam na wata ba zai tashe ta ba.

Malamin makaranta: To, na karkata ga 504. Me zan duba kafin in biya?

Bakanike: Ka je da safe, kafin mai ita ya ɗumama injin, ka sa a tayar da ita a gabanka, in hayaƙi shuɗi ya fito, injin yana cin baƙin mai. Ka ɗaga tabarmar ƙasa ka nemi tsatsa, ka leƙa lagireto ko yana yoyo, domin zafin watan Afrilu ba ya yafe wa mota mai ɗigar ruwa. In ranar Asabar ce, ka biyo ta gareji mu tafi tare.