Kwaikwayon Ratsawar Lantarki a Dutse Mai Yumɓu: Abin da Masana Suka Ba da Shawara

An tambayi masana yadda za a sa kwamfuta ta ƙiyasta yadda lantarki ke ratsa dutsen yashi mai yumɓu. Ga abin da aka tsayar.

Kusan kowa ya ce kada a dogara da ƙa'idar Archie ta 1942, wato lissafin da ke danganta ratsawar lantarki a dutse da ruwan da ke cikinsa, ita kaɗai. Ita ta ɗauka ruwan gishirin da ke cikin ƙofofin dutse ne kawai ke ɗaukar lantarki, alhali fuskar yumɓu ma tana ɗauka. Saboda haka aka fi son tsarin Waxman da Smits na 1968, wanda ya sa gudummawar yumɓu cikin lissafi.

Inda aka daɗe ana muhawara shi ne hoton cikin dutsen, wanda kwamfuta ke yin lissafinta a kansa. Na'urar ɗaukar hoton ciki ba ta cika ganin abin da bai kai maikiron ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) ba, ƙofofin yumɓu kuwa sun fi haka ƙanƙanta. Sai yumɓun ya fito toka-toka, kwamfuta ta lissafa shi a matsayin dutse tsantsa, turjiyar, wato yadda dutsen ke hana lantarki ratsawa, ta haura fiye da gaskiya. Maganin shi ne a ware wa yumɓu nasa aji, a ba shi nasa ma'aunin ɗaukar lantarki. A kuma san irinsa: simektayit ya fi kawolinayit tasiri nesa ba kusa ba.

Shawarar da ta fi gamsar da ni: a gwada lissafin da samfurin gaske a ɗakin gwaji, da ruwa mai gishiri iri-iri, domin a ruwa marar gishiri ne yumɓu ke nuna halinsa. Masu neman wurin haƙa rijiyar burtsatse ta hanyar auna turjiyar ƙasa sun san wannan. Sau da yawa ƙarancin turjiya yumɓu ne, ba ruwa ba.