Za a rushe tsohon ginin asibitin yara, wa ya taɓa kwanciya a irinsa, wa kuma ya san tarihinsu?

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na wuce ta gaban asibitin yara na cikin birninmu sai na ga an kewaye tsohon ginin da kwano wai za a rushe shi a yi sabo mai hawa, wallahi sai da gabana ya faɗi domin a nan aka kwantar da ni ina ƙarama lokacin da na yi taifot. Abin da har yau ban manta ba shi ne gadajen nan masu ƙarfe a gefe da ake ɗagawa a kulle, da warin maganin da ake goge ƙasa da shi tun da asuba, sai kuma ƙararrawar da ake bugawa in lokacin ziyara ya ƙare, da an buga mahaifiyata za ta miƙe, ni kuma in riƙe mata hannu ina ihu har sai wata sista ta zo ta ɓamɓare ni. To tambayata biyu ce. Tun yaushe aka fara ware wa yara asibitinsu daban da na manya? Sannan me ya sa a da ake hana uwa kwana da ɗanta alhali yanzu in ka kai yaro ma cewa ake uwar ta zauna? Waɗanda suka taɓa kwanciya ko suka yi aiki a irin wurin nan don Allah ku ba mu labari.

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Abin bai daɗe can ba kamar yadda mutane ke zato. Wanda ake lissafawa a matsayin na farko shi ne na birnin Paris a Faransa da aka buɗe a 1802, kafin nan akwai gidajen marayu da na jariran da aka tsinta amma asibiti na musamman don yaro marar lafiya babu. Viyana ta ƙasar Austriya ta samu nata a 1837. A Landan sai a 1852 wani likita Charles West ya buɗe na titin Great Ormond da gado 10 kacal a cikin wani gida da aka mayar asibiti, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne, domin manyan asibitocin Landan na lokacin kusan ba sa kwantar da yara kwata-kwata, suna ganin yaro ɗawainiya ce kuma zai kawo musu cuta mai yaɗuwa, alhali yaran ne suka fi mutuwa a garin. Shi ma kansa asibitin West ɗin da farko ba ya kwantar da 'yan ƙasa da shekara 2. Daga nan sai Filadelfiya a Amurka 1855, Boston 1869, Toronto ta Kanada 1875, a nan Afirka kuma akwai na Red Cross a Cape Town da aka buɗe a 1956.

Kuma fa ba gado kawai suka ƙara ba, tara yara wuri guda shi ya ba likitoci damar su ƙware a kan ciwon yara. A asibitin Paris ɗin nan Emile Roux ya gwada maganin mashaƙo a kan ɗaruruwan yara a 1894 mutuwa ta ragu sosai. A na Boston aka fara sa wata yarinya mai shan inna a na'urar nan da ke yi wa mutum numfashi a 1928, a can Robert Gross ya yi tiyatar ɗaure wata jijiya da ke kusa da zuciyar yaro a 1938, a can kuma Sidney Farber ya fara samun sauƙin sankarar jini a yara da magani wajen 1947 zuwa 1948. Tambayarki ta biyu kam na bar wa likitoci.

Tsohuwar Nas:
'Yata Ummu Sadiq kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni na yi aiki a ɗakin yara tun ina budurwa har na yi ritaya, kuma irin ƙararrawar da kike faɗa na buga ta da hannuna. Haka aka koya mana, metiron, wato shugabar nas-nas, za ta ce iyaye su ke shigo da cuta kuma su ke tayar wa yara hankali, wai ki duba kafin su zo ɗakin tsit, suna tafiya kuka ya kaure. A lokacin magana ce da kowa ya yarda da ita.

Lokacin ƙyanda shi ne ba na mantawa. Ɗaki ya cika maƙil gado ɗaya yara biyu, ido ya yi ja ya kumbura baki duk ya fashe, ga tari ga gudawa, kana gama da wannan wancan ya fara shiɗewa. Yaron da gudawa ta tsotse sai ka nemi jijiya a hannu ka rasa, a ƙafa ka rasa, sai mu aske gefen kai mu sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar fatar kai mu manne da filasta, mu naɗe hannayen da zane don kar ya fizge, sannan ki tsaya da agogo a hannu kina ƙirga ɗigon ruwan a minti ɗaya saboda babu na'urar da za ta ƙirga miki, in ya yi sauri ki cika wa yaro huhu da ruwa in ya yi jinkiri kuma bai samu abin da yake buƙata ba. Duk wannan nas biyu ne da dare. Da aka zo aka fara barin iyaye mata su kwana mu da kanmu muka ga bambanci, uwa ce za ta taɓo ki ta ce sista numfashinsa ya canza tun kafin ke ki lura, ita za ta zauna da cokali tana ɗura masa ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan har gari ya waye, aikin da ba mu da hannun yi. Daga baya rigakafi ya yawaita har ɗakin da muke ware masu ƙyanda aka mayar da shi wani abu daban. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, suna da yawa, wasu har yanzu ina ganin fuskarsu.

Dakta Abu Hanan:
Sannu da ƙoƙari Mama, Allah ya saka muku da alheri, mu da muka zo daga baya a kan aikinku muka ɗora. Hajiya Ummu Sadiq dokar nan ba a garinku kaɗai aka yi ta ba, daga Turai aka gaje ta. A Ingila har zuwa shekarun 1940 akwai asibitocin da sau ɗaya a mako ake barin iyaye su ga ɗansu na awa ɗaya, wasu ma ta bayan gilashi, wasu kuma ba a bari sam. Tsoron yaɗuwar cuta gaskiya ne a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta babu rigakafi, wannan ba za a raina musu ba. Inda aka yi kuskure shi ne fassara shirun yaro.

Wani ma'aikacin jin daɗin jama'a James Robertson da ke aiki tare da likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby shi ya zauna yana lura da yara ƙanana da aka raba da iyayensu, ya ga matakai uku suke bi. Da farko yaro ya yi ta kuka yana neman uwa yana jijjiga gado, daga nan ya karaya ya yi lamo ba ya kuka sosai ba ya wasa, a nan ne ma'aikata ke cewa alhamdulillahi ya saba, daga ƙarshe ya fara yi wa kowa murmushi amma in uwar ta zo sai ya kau da kai kamar bai san ta ba. A 1952 ya nuna wa likitoci hoton bidiyon wata yarinya 'yar shekara 2 da ta kwana 8 a asibiti don ƙaramar tiyata, da yawansu suka fusata suka ce ɓata musu suna yake. Amma a 1959 wani kwamitin gwamnati a Ingila da likita Harry Platt ya jagoranta ya fitar da rahoto cewa a bar iyaye su ziyarci yaro kowane lokaci, a kuma tanadi wurin kwana ga uwar ƙaramin yaro musamman ɗan ƙasa da shekara 5, kuma duk da haka sai da aka ɗauki shekaru kafin asibitoci su bi, har sai da iyaye mata suka kafa ƙungiya suna matsa lamba. Tun kafin su ma akwai likita James Spence a garin Newcastle na Ingila da ke kwantar da uwa tare da jaririnta tun shekarun 1920, mutane ne ba su bi shi ba.

Ko bakwaini da ake sawa a kwalba yanzu an gane jikin uwa magani ne, a Bogota ta Kolombiya aka fara a 1978 saboda ƙarancin kwalaben, a ɗaura jariri a ƙirjin uwa fata da fata, yau Hukumar Lafiya ta Duniya ita ke ba da shawarar a yi hakan. Ni a wurina wannan shi ne babban ci gaban da asibitin yara ya samu, ya fi kowace na'ura da muke da ita, kuma ina gaya wa ɗalibaina yaron da ya yi tsit a gado shi za ku fara dubawa kafin mai ihu.

Baban Yusra:
Dakta na yarda da kai amma a faɗi ɗaya ɓangaren ma. Na yi jinyar 'yata kwanan baya, uwa ta zauna eh wannan dole ne, amma sai ka ga yaro ɗaya mutum bakwai sun zagaye gadonsa wani na tari wani ya zo da jariri lafiyayye a hannu, ga hayaniya yaron gadon kusa da aka yi wa tiyata ya kasa barci. Tsofaffin nan da suka sa doka akwai abin da suka gani. A bar uwa ko uba, sauran a yi musu lokaci kuma kowa ya wanke hannu.

Jarumar Sikila:
Ni kam a asibitin yara na girma in za a faɗi gaskiya, sikila gare ni, in ciwon ƙashi ya tashi cikin dare can ake nufa da ni. Har maigadi ya san ni, mai ɗaukar jini ya san wace jijiyata ce ke bayarwa ba sai ya yi ta lalube ba, akwai wata nas da in za ta sa min ruwa sai ta ce in ƙirga zanen tsuntsayen da ke jikin bango kafin in gama ta gama. Ranar da aka ce na girma a koma da ni ɓangaren manya na yi kuka sosai, domin can sai ka fara bayani daga farko kuma wani ya dube ka kamar ƙarya kake ciwon bai kai haka ba. Anti Ummu Sadiq in da hali a ɗauki hoton bangon nan kafin a rushe don Allah.

Tsohuwar Nas:
Baban Yusra maganarka haka take, mu ma uwa muka ce ba dangi duka ba. 'Yata mai sikila Allah ya ƙara miki sauƙi. Ummu Sadiq in da gaske kuke son tarihin wurin to hoto kaɗai ba zai isa ba, ku je wurin shugabannin asibitin ku roƙi kar a zubar da manyan littattafan rajista na ɗakuna, a ciki ake rubuta ranar da aka kwantar da yaro da ciwonsa da ranar sallama ko rasuwa, duk wanda ya bi su shekara bayan shekara zai ga lokacin da ƙyanda da tarin shiƙa da shan inna suka fara ja da baya. Sunayen yara sirri ne ba za a ba ku ku yaɗa ba, amma a adana su a wuri mai kyau. Sannan ku nemi tsofaffin ma'aikata ku naɗi muryarsu, har masu shara da masu wanki da direban motar asibiti domin sun ga abin da likita bai gani ba. Ni a shirye nake, kuma akwai abokan aikina da ke raye zan kira su in kun sa rana.