"Inuwar giginya, na nesa ka sha": yabo ne ko gori?

Ɗan Gani: Jama'a, a raba mu gardama. Makon jiya muka binne shugaban zumuntar matasa na majami'armu ta ECWA a nan ƙasar Sumaila, bayan 'yar gajeriyar jinya. Abokina ne tun muna kiwon awaki. Muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, kawunsa ya dubi taron da ya cika ƙofar gida har bakin masussuka, ya girgiza kai ya ce, "Inuwar giginya, na nesa ka sha." Bai ƙara ko uffan ba. Wasu sun ce yabo ne. Ni gori na ji, kuma gori ga wanda ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Uwar Tagwaye: Allah ya ta'azantar da ku. Ɗana, gori ne, kada a yi maka kwana-kwana. Giginya doguwa ce, ba reshe, ganyen yana can ƙololuwa. Da hantsi ko la'asar inuwar sai ta je gonar wani ta kwanta, mai ita yana gindi rana na dukansa. Wanda alherinsa ke tsallake gida ake jefa wa ita. Tun da nake ban ji an yabi kowa da ita ba.

Malamin Lahadi: Mama, asalin maganar haka yake, ban musa ba. Amma masu karin maganar inuwa kawai suka duba. Wa ke tsintar 'ya'yan in sun faɗo? Na gindi. Shi ke binne ƙwallon ya tono muruci, shi ke samun azarar da gara ba ta ci. Na san marigayin a tarurrukan matasa. Da daddare yakan shimfiɗa buhu a ƙofar majami'a, ya kunna fitila, ya koya wa samari karatu da Littafi Mai Tsarki na kakansa, tsohon juyin nan na 1932 da bangonsa ya rabu aka ɗaure da zare. Ƙannensa biyu a wannan buhun suka fara haɗa baƙi. Su ma na nesa ne?

Maƙwabci: Ni Musulmi ne, gonarmu iyaka ɗaya da tasu. Ranar da famfon unguwarmu ya lalace shi ya tara yaransa suka ciro bututun, bai tambayi wa ke ɗiba ba. A wajena maganar da ta dace da shi ita ce "nagari na kowa". Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

'Yar Roni: Ku yi mini haƙuri, zan faɗi abin da maza ba sa gani daga zaure. Matarsa ƙawata ce. Daminar bana sai da ta jera kwanoni a tsakar ɗaki saboda yoyo, a watan da ya sayar da tunkiya ya biya wa wani yaro kuɗin jarrabawar NECO. Takin da aka zuba wa dawarsu kawun nan ne ya kawo, don kuɗin takin ya tafi hayar motar da ta kai matasa taro. Ba ta taɓa kai ƙara ba, kuma har gobe ba ta yarda a zage shi. Amma wanda ya yi ta toshe ɓaraka a ɓoye, in ya yi magana ɗaya, a bar shi ya yi. Malam, ka fi ni sanin abin da 1 Timoti 5:8 ya ce a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba.

Malamin Lahadi: Ayar nan a kan mai sakaci take, 'yar'uwa. Wannan bawan Allah hannunsa ne bai iya riƙewa ba.

'Yar Roni: Yoyon ɗaki bai san bambancin ba.

Tsohon Dattijo: Yara, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun zamanin Turawan mishan na SIM, kafin ma a kafa ECWA a 1954, irin wannan hidima a ƙauyukanmu ba ta da albashi, kuma iyalin mai yinta ne ke biya. Mun saba mu ɗora wa mutum ɗaya kaya don bai iya cewa a'a, ranar jana'iza mu cika gari da waƙa. Ɗan Gani, ka ce taron ne kawun ya duba sa'ad da ya yi maganar, ba ɗakin mamacin ba. To da ku yake. Ku ne na nesan da kuka sha.

Ɗan Gani: Baba, na ji. Har yanzu ina ganin da ya bari an tashi daga zaman makoki, don mahaifiyar tana bayan zana tana ji. Amma dawar marigayin ta nuna, kuma ba mai girbe ta. Asabar bayan addu'ar safe matasa za mu shiga gonar, kowa ya zo da magirbinsa. Mai amalanke a kusa ya yi mini magana, dammunan sai an kwaso su gida a ranar.

Maƙwabci: Shanuna da amalanken suna nan. Ku bar zancen haya.

'Yar Roni: A sa kwanon rufi a lissafi, ɗakin yana nan yadda yake.